Garantin gwamnati a bashin banki: mu masu saka kyamara ina matsayinmu?

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar da kafa kamfanin nan mai tsaya wa masu ƙananan sana'o'i a banki, wato National Credit Guarantee Company (NCGC), a watan Mayun 2025, magana ɗaya ce ke ta yawo a gurup ɗinmu na masu harkar kyamarar tsaro da wayar shokin ta katanga da tirakar mota, wai gwamnati ta ware naira biliyan 100 za a raba wa masu sana'a, wasu ma har sun fara tambayar a ina ake cike fom, wani ya turo wani link da ban san inda ya samo shi ba yana cewa a yi sauri kafin a rufe. To jama'a, biliyan 100 ɗin gaskiya ne, shi ne jarin da aka fara kamfanin da shi, kuma tsohon kakakin majalisar wakilai Yakubu Dogara aka ba shugabancin hukumar gudanarwarsa. Amma babu ko sisi a ciki da za a miƙa maka a hannu. Kuɗin nan an ajiye shi ne saboda bankuna.

Ga yadda abin yake. Kai za ka je bankinka ka nemi bashi, banki ya duba ka, in ya ga sana'arka za ta iya biya amma ba ka da jinginar da ta kai, sai ya nemi kamfanin garanti ya tsaya a kan wani kaso na kuɗin. In ka biya lafiya, shi ke nan, babu wanda ya ji ko ya gani. In ka kasa, mai garanti zai biya bankin wannan kason da ya ɗauka. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san irin wannan, yaro zai zo ɗaukar kaya bashi ba a san shi ba, sai wani Alhaji ya ce ku ba shi, ni na tsaya masa. Alhajin bai ba yaron atamfa ko turmi ɗaya ba, sunansa kawai ya ara masa, kuma ranar da yaron ya ci kuɗin mutane Alhaji zai biya, sannan ya juyo kansa. Wannan juyowar ita ce mutanenmu suke mantawa da ita.

Domin bashin yana nan a wuyanka ko da an biya wa bankin kasonsa. Kuma yanzu ba irin da ba ce da mutum zai ci bashi a wannan banki ya gudu ya buɗe asusu a wancan. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ake kira GSI, kana sa hannu a takardar lamuni ka ba da izini a ciri kuɗin daga duk wani asusunka da ke ɗauke da BVN ɗinka a kowane banki yake. Ga kuma kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral, sunanka ya shiga can a matsayin mai taurin bashi to ko lamunin waya sai ya gagare ka. Mun ga abin da ya faru da shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, da yawa suka ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, aka zo biya aka yi ta kai ruwa rana. Duk wanda zai shiga wannan da irin wancan tunanin gara ya zauna a gida.

Amma fa kar a ce ina kushe abin. Sana'armu na cikin waɗanda suka fi buƙatar irinsa, kuma dalilin a bayyane yake. Komai namu daga waje yake zuwa. Kyamara, na'urar naɗar hoto wato DVR ko NVR, hadis ɗin da ke ajiye hoto, kebul, swich mai ba kyamara wuta ta cikin waya, injin wayar shokin, motar get, duka da dala ake sayo su, yawanci daga China, su sauka Legas, mu kuma mu saro daga Alaba ko wajen dilolinsu a nan Sabon Gari. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, jarin da da zai cika maka shago da kyamarorin Hikvision da Dahua ya koma sai ka saro na aiki ɗaya ko biyu. Sannan ga wuta. Babu wanda zai saka kyamara a Kano ko Kaduna ko Gusau ya dogara da wutar gwamnati, dole ka haɗa masa da sola da inbata da batir, sau da yawa ma kuɗin wutar ya fi kuɗin kyamarorin. Wato aikin gida mai kyamara takwas ya koma aikin miliyoyi, kuma kwastoma zai ba ka kafin alƙalami rabi in ka yi sa'a, sauran sai ka gama, sauran sauran kuma sai Allah ya kawo.

A ɓangaren buƙata kuwa ba a magana. Makarantu, gidajen mai, asibitoci masu zaman kansu, otal, sito-sito na Dawanau da Singa, gonakin kaji a bayan gari, masallatai ma yanzu. Halin da ake ciki na satar mutane da fashi ya sa mutumin da da yake ganin kyamara gayu ce yanzu shi yake kiranka da dare. Aiki akwai. Abin da ke faruwa kullum shi ne babban aiki ya zo, ƙaramin mai sana'a ya iya aikin sarai amma ba shi da kuɗin saro kaya, sai wani ɗan kwangila da bai san bambancin kebul na koyaksiyal da na Cat6 ba ya karɓa, ya dawo ya ɗauke ka a matsayin lebura ya biya ka kuɗin hawa tsani. Wannan ramin shi ne ya kamata lamuni mai garanti ya cike.

To me ya sa banki ba ya ba mu tun farko? Ka je ka zauna da ma'aikacin lamuni ka ji, tambayarsa ta farko jingina, kuma in ya ce jingina yana nufin gida ko fili mai takardar C of O, abin da mafi yawanmu ba mu da shi, wanda ma yake da gidan gado ne ko takardar dagaci ce a kai. Ka ce masa ga kaya a shago sai ya yi murmushi, kuma in za a faɗi gaskiya yana da hujja. Kayanmu ba sa ajiyuwa. Kyamarar da ake rububinta bana, baɗi an fito da wadda ta fi ta ganin dare kuma ta fi ta araha. Wadda ka riga ka ɗaura a katangar wani kuwa ta zama tasa, banki ba zai je ya kwance ta ba. A takarda akwai mafita, domin tun 2016 aka buɗe rajistar jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Banki, a 2017 kuma Osinbajo yana riƙon ƙwarya ya sa hannu a dokar da ta ba da damar a jinginar da kadara mai motsi, mota, injin, kayan shago, har kuɗin da kake bin mutane. Dokar na nan. Sai dai manajan reshe har yanzu ya fi samun barci in fili ne a hannunsa.

Kuma wannan garantin ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, shi ya sa ni nake ɗan taka-tsantsan da murna. Manoma suna da nasu tun dokar soja ta 1977, asusun garantin lamunin noma da ke ɗaukar har kashi 75 na abin da aka kasa biya. A 2010 zamanin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki an kafa wani na naira biliyan 200 don ƙanana da matsakaitan masana'antu, garantin kashi 80, lamuni har naira miliyan 100. Ka ji lambobi masu daɗi. Amma ɓangarorin da aka lissafa su ne masana'antu da harkar noma da makarantu masu zaman kansu da makamantansu, mai saka kyamara ba ya ƙera komai, aikin hannu da kai yake sayarwa, don haka ko a bakin layi ba ya ciki. Bankin Raya Ƙasa na DBN ma ya buɗe nasa reshen garantin, Impact Credit Guarantee, a 2019. Duk waɗannan suna nan ko sun taɓa kasancewa, amma ka zagaya France Road a Kano ka tambayi masu kayan wuta da na tsaro mutum nawa suka taɓa jin sunansu. Matsalar ita ce ƙofar shiga kullum banki ce, in ma'aikacin banki bai ga dama ya kawo maganar ba, ko shi kansa bai sani ba, to ba za ka taɓa sanin akwai ta ba.

Na ɗan bi yadda ake yi a Amurka saboda can tsarin ya daɗe da tsayuwa. Suna da hukumar ƙananan sana'o'i, SBA, tun 1953. Babban shirinta ana ce masa 7(a), kuma ita ma ba ta ba ka kuɗi, banki ne ke bayarwa ita ta tsaya, kashi 85 in lamunin bai wuce dala 150,000 ba, kashi 75 in ya wuce, iyakarsa dala miliyan 5. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wa'adi, har shekara 10 na jarin juyawa da kayan aiki, har 25 in gini ne. Amma ko a can ɗin duk wanda ya mallaki kashi 20 ko sama na kamfanin sai ya sa hannu da kansa cewa in kamfani ya kasa a bi dukiyarsa. Wato ƙasar da ta fi kowa kuɗi ma ba ta yarda garanti ya zama sadaka ba.

Sai dai ba wannan ne ya tsaya min a rai ba. Abin da ya tsaya min shi ne me banki yake gani a wajen mai kamfanin alam, wato ƙararrawar tsaro, na can har yake sakin jiki da shi. Su sana'arsu ba ta ƙarewa ranar da aka gama ɗaura kaya, a ranar ma take farawa. Kwastoma yana sa hannu a yarjejeniya ta shekaru, duk wata yana biyan kuɗin sa ido, akwai cibiyar da ke kallo dare da rana, alam ya yi ƙara su kira mai gida ko 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana. Babban kamfaninsu ADT, wanda asalinsa tun 1874 yake, a kan wannan kuɗin wata-watan yake tsaye. Har ta kai ana saye da sayar da kwastomomi tsakanin kamfanoni, a ninka abin da suke biya a wata sau kaza a ce shi ne farashinsu. Don haka ƙaramin mai kamfani in ya je banki ba shago yake nunawa ba, yana nuna cewa ina da gidaje kaza da ke biyana kaza duk wata, ga takardunsu, ga shigar kuɗin a asusu. Banki yana iya lissafa wannan da alƙalami.

Mu kuma fa? Mu ɗaura, a biya mu, mu tafi. Bayan wata shida a kira ka wai ba ta nunawa a waya, ka hau babur ka je ka tarar data ce ta ƙare a rawuta ko ɓera ya ci kebul ko wani ya zare filogi ya sa cajin waya, ka gyara, a ce Allah ya saka da alheri, in an kyauta a ba ka kuɗin mai. Kuma mu muka saba musu da haka. Na san gidaje da yawa da hadis ɗinsu ya mutu tun tuni, kyamara tana nuna hoto a talabijin amma ba ta ajiye komai, mai gida bai sani ba sai ranar da aka yi sata aka zo dubawa. Wannan asara ce ga kwastoma, asara ce gare mu. Ni a ganina kafin mu yi maganar garanti, mu fara maganar yarjejeniyar kulawa. Ko da kaɗan ne a wata ko duk wata uku, ka zo ka goge kyamara daga ƙurar hunturu, ka duba batir, ka tabbatar tana ajiye hoto, ka sabunta data, a rubuce, a biya ta asusun kamfani. Makaranta da gidan mai da asibiti za su yarda in ka yi musu bayani, musamman wanda ya taɓa neman hoto bai samu ba. Kwastoma ashirin ko talatin masu biya a kai a kai sun fi shago cike da kwali daraja a idon ma'aikacin lamuni, kuma su ne za su biya maka bashin a watan da babu sabon aiki.

Sai maganar takardu, wadda ba ma son ji. Da yawanmu kuɗin aiki yana shiga asusun da ake sayen cefane da shi, wani ya shiga Opay ɗin yaron shago, wani a karɓa a hannu a wuce kasuwa da shi. Ka juya miliyoyi a shekara amma a takarda kai ba kowa ba ne. Garanti yana rage wa banki tsoron asara ne kawai, ba ya ƙirƙiro maka tarihin ciniki. Rajistar CAC, ko da ta sunan kasuwanci ce, lambar haraji, asusu ɗaya na kamfani da komai ke bi ta cikinsa, rasit da takardar farashi ga kowane aiki, hoton aikin da aka gama da wasiƙar da ta nuna an karɓa. Banki zai nemi bayanan asusu na watanni a baya, ba abin da za ka haɗa cikin mako ɗaya ba ne, don haka wanda yake da niyyar nema baɗi yau ya kamata ya fara.

Yanzu kuɗin ruwa, inda gizo ke saƙar. Garanti ba ya nufin araha. Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai, ƙaramin ɗan kasuwa yana jin kusan 30. Mu yi misali kawai: ka karɓi miliyan 10 a kashi 30, ruwan shekara miliyan 3 kenan, ban da kuɗin garanti da na sarrafa takardu da inshora. In ribarka a kan aiki kashi 20 ce kuma kuɗin yana juyawa sau huɗu ko biyar a shekara, za ka fita. In kuwa ka saro kaya ka jibge kana jiran kwastoma, ko ka yi aiki ɗaya aka riƙe maka kuɗi wata takwas, to banki kake yi wa aiki. Shi ya sa ni ban ga hikimar cin bashi don cika shago ba. A ci don aikin da aka riga aka sa hannu a kansa, mai ranar biya, daga wajen wanda aka san yana biya. Kuma a nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ba: kwangilar gwamnati ita ce mafi haɗari a haɗa da bashin banki. Takardar tana da kyau, hatimi ja, amma ranar biya sai an ga dama, ruwa kuwa ba ya jira. Ko manyan ma ba su tsira ba, aikin kyamarorin Abuja na dala miliyan 470 da aka ba kamfanin ZTE a 2010 da rancen China har majalisar wakilai sai da ta yi ta bincike a kai, balle kai mai tsani ɗaya da yara uku.

Na san da yawa sun karanta har nan suna cewa malam ai duk wannan riba ce, mu ba ruwanmu. Gaskiyarku, kuma ni ma ban ɗauki maganar da wasa ba. Amma sana'armu tana cikin waɗanda suka fi dacewa da bankin da ba ruwa, domin abin da muke buƙata kaya ne ba tsabar kuɗi ba. Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. A tsarin murabaha kai za ka kawo jerin kayan da kake so da takardar farashi daga dila, banki ya saya ya mallaka, ya sayar maka da ribar da kuka amince a kai tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan, farashin ba ya ƙaruwa. Kar dai ka zaci zai yi arha sosai, su ma suna kallon kasuwa ɗaya ne da sauran, kuma su ma suna neman jingina. Sannan akwai tambayar da ya kamata a kai wa malamai kafin a sa hannu, ita ce ta kuɗin garantin kansa, domin mafi yawan malaman fiƙihu na da ba su halatta karɓar lada a kan tsayawa wani a bashi ba, suna ganin taimako ne ba ciniki ba, na zamani kuma wasu sun ba da damar karɓar ainihin kuɗin hidima. Kowane bankin Musulunci yana da kwamitin malamai masu ba shi shawara, hakkinka ne ka tambaya me suka ce a kan wannan, wa zai biya kuɗin kuma da wane suna.

Wani abu da nake ganin zai taimaka shi ne mu daina zuwa ɗaya-ɗaya. Banki yana ƙyamar ƙaramin lamuni ne saboda wahalar binciken miliyan 3 kusan ɗaya ce da ta miliyan 300. In masu sana'ar a gari ɗaya suna da ƙungiya mai rajista wadda ta san wane ne gwani wane ne ɗan cuwa-cuwa, ta je ta zauna da banki ɗaya a yi tsari guda na kowa, magana za ta fi nauyi. Masu keke napep da 'yan kasuwar waya sun fi mu wayo a wannan fannin.

Wanda zai je banki a kwanakin nan, kar ya tsaya a wajen mai karɓar kuɗi, ya nemi teburin ƙananan 'yan kasuwa, ya tambaya kai tsaye ko bankin yana da yarjejeniya da NCGC ko da Impact Credit Guarantee, kuma ko aikin saka kayan tsaro yana cikin sana'o'in da suke ɗauka. In sun ce eh, ya tambayi kashi nawa garantin ya rufe, jinginar me za su nema a kan ragowar, nawa ne kuɗin garantin kuma a kan wa yake, wata nawa ne wa'adin, akwai hutun biya a farko ko babu, domin daga ranar da ka biya dila zuwa ranar da kaya suka iso aka ɗaura aka biya ka ana iya cin wata biyu ko uku. Ya ce a rubuta masa jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe a lamba ɗaya. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗin fom ta waya zai shigar da sunanka, ko mai cewa shi ejan ne na kamfanin garanti, ka toshe lambarsa, harkar nan ta cikin banki kawai ake yin ta.